Saiwar Lamba Goma Sha Bakwai

Buhun nan da kunka kawo mini ranar Laraba, na buɗe shi. Ɓawon daniya ne, ban musa ba. Amma kun shanya shi bisa kwanon rufi cikin rana tsaka, kunka zuba shi a leda tun cikinsa bai bushe ba, ga shi ya fara fumfuna daga ƙasa. Babu takarda a ciki, ba wanda zai ce daga wace itaciya ya fito ko a wane wata anka sare shi. Da na tambaya, ɗayanku ya miƙo mini salula ya ce ai ita ta faɗi sunan itacen. To, ku zauna. Na fi shekara talatin ina tara ganye da ɓawo da saiwa ga masu bincike, kuma ni ma na taɓa zaton ba wanda ya kai ni sanin aikin nan. Zan faɗa muku yadda ake yinsa, in faɗa muku inda wannan zaton ya kai ni.

Sunana Hashimu, ɗan manoma ne ni daga wani ƙauye gabas da Keita. Lokacin da anka fara aikin gyaran ƙasa, ana jera duwatsu a gangaren tuddai ana gina ramuka don tare ruwa, ina saurayi, na bar lakwal, makarantar boko, a aji shida. Anka sa ni a pepinyar, wurin renon itatuwa, ina cika leda da ƙasa da taki. Mai kula da wurin wani ma'aikacin gandun daji ne, Mushe Garba, wato Malam Garba a Faransance, mutumin Madawa, siriri, ba ya maimaita magana. Shi ya koya mini cewa kowane iri da halinsa. Na bagaruwa sai ka jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya yarda ya tsiro. Wani sai ka kankare bayansa da wuƙa, wani kuma sai ya bi ta cikin akuya ya fito. Shi ya koya mini sunayen Latin, waɗanda masu ilmi na duk duniya ke kiran itatuwa da su, na hardace su kamar yadda na hardace sura.

Ganyen farko da ya aike ni in ɗebo, na taramniya ne a wata korama, tafiyar awa biyu a ƙasa. Na dawo da dami guda, ina jiran yabo. Ya juya shi ya ce ina furen, ina ɗan. Na ce ai ganye ya ce in kawo. Ya ce ganye shi kaɗai maƙaryaci ne, itace biyu kan yi ganye iri ɗaya, amma ba su yin fure iri ɗaya. Na koma a ranar, na dawo rana na faɗuwa. Shekara uku na yi ƙarƙashinsa kafin ya bar ni in rubuta etiket da hannuna, ƴar takardar nan da ke faɗin sunan tsiro da wurinsa da ranar da anka ɗebe shi da sunan wanda ya gano shi.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su can a rataye. Wuƙa, gizago, ƙaramar hauya, buhunan yadi, ban da leda, don leda tana sa gumi. Katako biyu da igiya da tsofaffin jaridu na matse ganye har ya kwanta ya bushe. Ma'auni. Kaye, littafin rubutu, da kiriyo, wato fensir, ba biro ba, don ruwa ɗaya in ya taɓa tawada aikin wata guda ya tafi. Turmin nan kuwa ba a taɓa daka hatsi a cikinsa ba, kuma duk saiwar da na daka sai na wanke shi ya kwana biyu kafin wata ta shiga. Ɓawo ba a zagaye itace da shi. Faɗin tafin hannu za ka ɗauka daga gefe ɗaya, ka shafe wurin da laka. Saiwa kuma cikin huɗu na gefe ka ɗauki ɗaya, uwar saiwar ba a taɓa ta, sannan ka mai da ƙasa ka taka. Shanya a inuwa ake yi, bisa gadon kara inda iska ke shiga ta ƙasa, ana juyawa safe da marece. Rana tana ƙone abin da ake nema, fumfuna kuma tana zuba nata abin a ciki, mai bincike ya yi wata shida yana murna da abin da ba na itacen ba ne.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu son ganye talatin a matse cikin kwana uku don jarrabawa ta matso. Akwai mata masu yin sabulu da man aduwa. Akwai wani da ya zo da babbar mota yana son buhu ashirin na saiwar anza, da na ce masa sai an kashe dajin ƙauye uku kafin a cika su, ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne. Gaskiyarsa. Amma wadda ta canza mini aiki ita ce Madam Zeinabu, malama a jami'a a Yamai. Ba lokotoro mai duba marasa lafiya ba ce, aikinta a labo yake, ɗakin gwaje-gwaje, cikin kwalabe. Mahaifinta ciwon daji na purostat ya kashe shi, shi ya sa ta kama wannan hanya.

Ranar farko ta zana mana abin a ƙasa da tsinke. Ta ce purostat wani ɗan ƙullutu ne kamar goro a ƙasan mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. In mutum ya manyanta yakan kumbura ya matse hanyar, wannan ba lalle daji ba ne. Daji shi ne in ƴan ƙwayoyin da anka gina shi da su, waɗanda ido ba ya gani, sunka samu kuskure a rubutun da ke cikinsu, kamar mai kwafar littafi ya tsallake layin da ya ce a tsaya nan. Sai su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su bar wurinsu su shiga ƙashi. Abincin da ke ƙara musu ƙarfi kuwa shi ne sinadarin mazantaka da ke yawo a jinin kowane namiji. Ita abin da take nema a cikin itatuwanmu shi ne wani abu da zai rage wa wannan abinci ƙarfi.

Na ce "mana" don mu biyu ne. Na biyun Agali ne, makiyayi daga wajen Garhanga, mai shanu da ƴar gona, yana jin Tamajak yana jin Hausa, bai taɓa taka lakwal ba. Ni na kawo shi, ina son ku riƙe wannan. Jakunansa nake so, don akwai kwazazzaban da mota ba ta shiga. Ɗaukar kaya kawai anka ɗauke shi yi.

A kwana na uku munka zauna cin abincin rana ƙarƙashin wata magarya, Madam ta shiga yi mana bayanin anzim. Ta ce wani ɗan ma'aikaci ne a cikin jiki, aikinsa ya juya wani abu ya koma wani, kuma akwai guda a cikin purostat da ke ɗaukar sinadarin mazantaka ya mai da shi mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Ni ina ta rubutawa a kaye. Da ta tambaya ko mun gane, na karanto mata maganarta kalma-kalma, har da Faransancin. Ta ce da kyau. Agali yana gefe yana gyara igiyar jaki, sai ya ce, "Madam, ashe kamar tumbin ɗan akuya mai shan nono ne. Matanmu na busar da shi, su jiƙa ɗan guntu su ɗiga a madara, ƙwarya guda ta kama ta zama cuku. Shi ba madara ba ne, ba kuma cuku ba ne. In anka tafasa shi ya mutu, ba ya ƙara aiki."

Madam ta aje cokalinta. Ta ce shekara nawa tana koyar da wannan abu ba ta samu misalin da ya kai wannan ba, kuma da shi za ta riƙa fara darasi. Daga ranar, in muna tafiya, gefen jakunan take bi. Tana tambayarsa wane ganye shanu ke ƙi, wanne raƙumi ke nema in cikinsa ya ɓaci, me tsofaffinsu ke sha in fitsari ya yi musu nauyi. Ni ina gaba da katako a ka, ina kiran sunayen Latin da ƙarfi duk itacen da munka wuce, ba wanda ya tambaye ni.

Shi ya kai mu wurin saiwar. Wani kwazazzabo ne bayan Deule, a ƙasar Buza, mai wuyar sauka, inda ruwa ke daɗewa a ƙarƙashin dutse. Ƙananan itatuwa goma sha ɗaya ne a wurin, tsawonsu bai wuce ƙirjin mutum ba. Ba zan faɗa muku sunanta ba, kuma in kun ji sauran labarin za ku san dalili. Mu lamba goma sha bakwai muke ce mata, don ita ce ta goma sha bakwai a kayen wannan shekara. Madam ta juyo ta tambaye ni sunanta na Latin. Na duba ganyen, na duba ɗan, ban san ta ba. Wannan shi ne karo na farko da itace ya gagare ni a ƙasarmu ta Adar. Na ɗebi saiwar yadda ya kamata, ɗaya cikin huɗu, na shanya ta kwana goma sha biyu, na daka, na tankaɗe, na auna. A etiket, wurin sunan wanda ya gano, na rubuta Agali, don haka ƙa'ida take. Na danna kiriyon har bakinsa ya karye.

Bayan wata bakwai ta kira ni a salula. Ta ce ta jiƙa garin a alkol, ruwan sinadarin da suke aiki da shi, ta tace, ta gwada, cikin duk abin da munka aika lamba goma sha bakwai ce ta rage wa anzim ɗin nan gudu, kuma ƙwayoyin dajin da take reno a cikin ɗan faranti sun rage hayayyafa. Ta ce shanyata ce ta sa aikin ya fita tsab. Ta ce kuma wannan mafari ne kawai, sai an sake gwadawa da wata saiwar. Sannan ta ce in gaya wa Agali ya shirya, tana son ya zo Yamai ya zauna da abokan aikinta su yi masa tambayoyi. Ni kuwa rumfar shanya cike take a lokacin, ta ce ba za ta so in bar ta ba.

Kwana biyar ya yi. Ya dawo da hoto, sanye da farar riga bisa rawaninsa, idonsa a bakin mikroskop, na'urar ganin ƙananan ƙwayoyi. Hoton ya zagaya kasuwar Keita hannu-hannu. Mahauta sunka fara ce masa lokotoron itace. Mutanen da na shekara ashirin ina ba su dashe kyauta su ne ke tare ni su ce, ashe kai ne ke yi wa Agali aiki. Nakan ce musu jakunansa ma ni na samo musu aiki. Na faɗi haka sau da yawa har matata ta ce in bari, ya fara zama abin dariya.

A wannan shekarar ce fitsari ya tsaya wa wana, Yaya Sumaila. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni lakwal, shi ya riƙe gonar gidanmu. Ya daɗe yana fama yana ɓoyewa, irin na dattawanmu, sai ranar da ya kasa ko ɗigo, mararsa ta kumbura kamar tulu. Munka kai shi gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya sa masa tiyo, fitsarin ya zubo. Anka ɗebi jininsa, sakamako ya dawo, majo ya kira ni gefe ya ce abin da ake aunawa na purostat ya hau ƙwarai, a kai shi babban asibitin Tawa ba da jinkiri ba, can ne za su duba ko daji ne. Ya rubuta takarda ya ba ni.

Takardar nan ban kai ta ko'ina ba, na sa ta a tsakiyar kayena. Na ce wa Yaya a Tawa yanka mutane suke, su raba namiji da mazantakarsa, alhali maganin abin yana hannuna, ni na shanya shi, ni na daka shi, an gwada a Yamai an ga yana aiki. Matarsa Ai ta ce ita dai a bi maganar majo. Yaya ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Tunda Hashimu ya ce yana da shi, a ba shi dama." Abin da ke raina a lokacin ba zan ɓoye muku ba. Ina son wana ya warke, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma hango ranar da zai taka da ƙafarsa ya shiga kasuwa, a ce Agali hoto ya kawo, Hashimu kuwa mutum ya tayar.

Na tafi kwazazzabon ni kaɗai, da jakin aro. Tafiyar farko na bi ƙa'ida. Amma dafawa ba kamar gwaji ba ce, tana cin saiwa. Kuma a watan farko Yaya ya samu sauƙi, har anka cire tiyon, fitsari yana fita kaɗan-kaɗan. Ko saiwar ce, ko kumburin ne ya sauka da kansa, Allah ne masani. Ni dai ban yi shiru ba, na baza magana. Dattawa sunka fara zuwa ƙofar gidana da safe, daga Garhanga, daga ƙauyukan Buza, kowa da butarsa da kunyarsa. Ban karɓi ko dala ba, ba ita nake nema ba. Abin da nake so in ji shi ne "Malam Hashimu", kuma na ji shi har na ƙoshi. Tafiya ta biyu na ɗauki biyu cikin huɗu. Ta huɗu na sa gizago a uwar saiwa. Ni da na kori mai babbar mota saboda anza.

Wata na biyar Agali ya zo gidana da hantsi. Madam ta aiko a ɗebo saiwa ta biyu, ya je ya duba wurin, ya tarar da ramuka goma sha ɗaya da busassun rassa. Bai shigo ba, ya tsaya a zaure ya aje mini wani reshe a gabana. Bai tambaye ni ko ni ne ba, ya san sarar gizagona. Ya ce a Yamai Madam ta nuna masa faranti biyu, ɗaya na ƙwayoyin daji, ɗaya na masu lafiya, kuma da anka ƙara ruwan saiwar kaɗan, duka biyun sunka mutu. Ta kuma gaya masa abin da anka ɗiga kai tsaye bisa ƙwaya a faranti daban yake da abin da mutum ya sha, ya bi ta ciki da hanta, ba a san me ke isa wurin ba. Ya ce tsofaffinsu ma don nauyin fitsari suke sha, kwana uku su bari, ba su taɓa cewa tana kashe daji ba.

Na ce masa, "Kwana biyar a Yamai sun mai da kai lokotoro, ko? Ka je ka yi wa shanunka bayani."

Ya ce, "Hashimu, ni ka zage ni, ba komi. Ka kai Sumaila Tawa." Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ban kai shi ba sai bayan sati uku, ranar da ya kasa miƙewa daga tabarma saboda ciwon baya da ƙugu. Daga Tawa anka tura mu Yamai. Ni da nake taƙama da Faransanci ban san ko tashar da ake sauka ba. Agali ne ya bar shanunsa wa ƙanensa ya raka mu, shi ya kira Madam, ita ta haɗa mu da lokotoron da ke duba irin wannan ciwo. Anka yi hoto, anka ɗebi tsoka. Lokotoron ya ce daji ne, kuma ya shiga ƙashin baya. Na fito da takardar majo daga kayena, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya dube ni. Na tambaye shi da mun zo tun lokacin fa. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, mai yiwuwa tun lokacin ya riga ya bazu, mai yiwuwa kuma da an tare shi. Wannan amsar da ba ta da gefe ita nake ɗauke da ita har yau. Anka fara yi wa Yaya allurar da ke rage sinadarin mazantaka, ciwon ya lafa, ya samu ya riƙa zama.

Madam ta same ni a farfajiyar asibitin. Na yi zaton za ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta tambaye ni dattawa nawa na ba, ta sa na rubuta sunayensu da ƙauyukansu, ta ce in na koma in bi su ɗaya-ɗaya in gaya musu su je a auna jininsu. Ta ce aikin shekara biyu ya tsaya, don abin da ba a maimaita ba a wurinsu kamar ba a yi shi ba ne, kuma garin da ya rage bai kai cikin cokali ba. Ta ce ba za ta karɓi kaya daga hannuna ba sai ta ga hali. Damina biyu rumfar nan tana wofi. Na bi dattawan nan su goma sha huɗu, ƙofa-ƙofa, ina warware maganar da na ƙulla da bakina. Wasu sun je, wasu sun ce tunda na farko ƙarya ne, na biyun ma ƙarya ne. Ba wanda ya sake ce mini Malam.

Muna cikin haka Agali ya zo pepinyar da wani ƙullin tsumma. Iri ne na lamba goma sha bakwai, ya tsince shi tun zuwanmu na farko ya aje a jakar fata, ba don komi ba sai halin makiyayi. Ya ce ya shuka a gonarsa sau biyu bai fito ba, shi ba aikinsa ba ne, kuma duk ƙasar nan ba wanda zai iya tayar da shi in ba ni ba. Na so a ce da gatse ya faɗa, da na samu abin riƙewa. Da gaske yake. Na raba irin kashi huɗu. Na ruwan zafi ya ruɓe, na kankara bai motsa ba, wanda na ba akuya ban sake ganinsa ba. Kashi na huɗu na koma kwazazzabon na ɗebo ƙasar gindin dutsen, na binne shi a ciki a inuwa, ina yayyafa ruwa da tsintsiya. Kwana arba'in ba labari, sannan guda tara sunka fito.

Yaya Sumaila yakan sa a kawo shi pepinyar a amalanke, ya zauna a inuwa yana kallona ina ban ruwa. Ya rame, amma hankalinsa garau. Wata rana na tsuguna gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a Yamai. Sannan ya ce, "Ni ban taɓa yarda saiwarka za ta warkar da ni ba. Na sha ne don na ga yadda hoton nan ke cin ka. Tun kana yaro, in an yabi ɗan maƙwabta a gabanka ba ka cin tuwo. Na ce bari ƙanena shi ma ya samu nasa." Ya yi shekara ɗaya da rabi bayan dawowarmu, ya rasu da kaka, an gama yankan hatsi. Matarsa Ai ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinta ba.

Guda taran nan mun mai da su kwazazzabon, munka kewaye da ƙaya. Bakwai sun rayu. Madam ta dawo da aiki wurina, amma ta ce ba za a taɓa saiwarsu ba sai sun yi ƴaƴa sun zubar, ƴaƴan sun tsiro. Har yau ba a sake gwajin ba. Mai yiwuwa in an sake a ga abin kirki, mai yiwuwa a ga ba komi, ita da kanta haka take faɗa. Ku kuwa kuna son ku sari ɓawo da safe, da marece ku ce kun samo maganin daji.

Kada ku zaci ƙyashin nan ya bar ni. Bara da damina ta aiko ɗalibanta biyu, munka tafi da su kwazazzabon ni da Agali. Ya tsufa, idonsa ya fara hazo, amma shi ke gaba kamar kullum, su kuma suna biye da shi suna rubuta duk abin da ya faɗa. A bakin gangaren ya tsaya ya nuna wata ƴar geza da sandarsa ya ce ga lamba goma sha bakwai. Sunka duƙa suna ɗaukar hoto. Ni da furfurata, bayan duk abin da ya faru, sai na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Na buɗe baki, sunan Latin na geza yana bisa harshena. Na rufe. Na ce wa ɗaliban su sauka ƙasa akwai manya a can, su fara da su. Da sunka yi nisa na matsa kusa da shi na ce masa a hankali wannan geza ce.

Ya shafa ganyen da yatsunsa, ya kai hanci. Ya ce, "Geza ce. Ai na san ka gani, na ji numfashinka ya canza." Ya yi ƴar dariya, ya ce daga yau ni zan riƙa shiga gaba.

Na shiga gaba. Gangaren yana da santsi, sai na ji ya kama gefen rigata ta baya. Haka munka sauka, ina gaya masa inda zai sa ƙafa.